Yadda za ka bi sawun Wolfgang Staudte ba tare da ka ɓata a hanya ba

Idan kana son sanin wane ne Wolfgang Staudte, daraktan fina-finan nan ɗan Jamus, kada ka buɗe jerin fina-finansa ka ce za ka bi su daga na farko har na ƙarshe. Mutumin ya shiga harkar tun lokacin da fim ya fara magana, bai sauka ba sai a 1984, kuma da yawa daga cikin abin da ya yi aikin neman na tuwo ne. Za ka gaji tun ba ka kai ga abin da ya sa ake tuna shi ba. Abin da nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni shi ne ya ware fina-finai biyar, ya kalle su a jere, ya riƙa neman mutum guda a cikin kowanne. Mutumin nan magidanci ne, mai tsafta, mai faɗa a ji a gari, wanda ya yi ta'asa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da ƙura ta lafa ya koma kan kujerarsa kamar ba a yi ba. Sunansa yana canzawa, sana'arsa tana canzawa, amma shi ne dai Staudte ya yi shekara kusan ashirin yana bi da kyamara.

Abin da za ka tanada kafin ka zauna

Ka riƙe taswira a kai. Da Jamus ta faɗi a watan Mayu na 1945, an raba ta gida huɗu tsakanin Amurka, Birtaniya, Faransa da Tarayyar Sobiyet, aka raba Barlin ita ma haka. A 1949 ƙasa biyu suka fito, Jamus ta Yamma da Jamus ta Gabas. A ɓangaren Sobiyet aka kafa kamfanin fim na DEFA ranar 17 ga Mayu 1946, wanda daga baya ya mallaki tsofaffin ɗakunan ɗaukar fim na Babelsberg kusa da Barlin. Staudte yana kwana a Barlin ta Yamma, yana aiki a Gabas. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana maka dalilin da ya sa kowane ɓangare yake yi masa kallon na wancan.

Wajen nema, ka rubuta sunan fim da Jamusanci yadda zan kawo shi a nan, domin sunayen da aka ba su a wasu harsuna sun sha bamban. Waɗanda ya yi a Gabas sun fi sauƙin samu: gidauniyar DEFA da ke Barlin tana kula da su, ɗakin ajiyar fina-finan DEFA na Jami'ar Massachusetts da ke Amherst kuma ya fitar da su da rubutun fassara na Ingilishi a ƙasa. Na Yamma sun fi wuya, wani lokaci sai ka haƙura da Jamusanci zalla. Idan haka ta faru, ka karanta taƙaitaccen labarin a shafin filmportal.de kafin ka kunna, na'urar fassara za ta ba ka abin da zai ishe ka. Sannan kada ka kalli na farkon a waya da rana tsaka. Fim ne na duhu da inuwa, hasken rana zai cinye rabinsa. Ka sauke shi, ka jira dare, ka kashe fitila.

Na farko: Die Mörder sind unter uns, 1946

Ma'anar sunan, makasan suna cikinmu. Shi ne fim ɗin Jamus na farko bayan yaƙi. An fara nuna shi a Barlin ranar 15 ga Oktoba 1946, washegari aka rataye manyan 'yan Nazi da kotun Nuremberg ta yanke wa hukuncin kisa. Staudte ya fara kai labarin wurin ƙasashen Yamma ne, ba su ba shi izini ba, Rashawa suka karɓa.

Wata mata, Susanne Wallner, ta dawo daga sansanin gwale-gwale ta tarar da wani likita mashayi, Hans Mertens, ya tare a ɗakinta. Abin da ke cin likitan shi ne daren jajiberin Kirsimeti na 1942 a Poland, lokacin da kyaftin ɗinsa Brückner ya sa aka harbe maza 36, mata 54 da yara 31. Ga mutuminmu nan. Brückner bai ɓuya ba. Yana Barlin, ya buɗe masana'anta yana mayar da hulunan ƙarfe na sojoji tukwane, yana wasa da 'ya'yansa, yana murna da ganin tsohon abokin aiki. Ka lura da wurin da yake karya kumallo ga jarida ɗauke da labarin mutum miliyan biyu da aka kashe da iskar guba, bai ko daina tauna ba. A ganina wannan wurin ya fi duk wani jawabi da ke cikin fim ɗin.

Abu biyu za ka sa wa ido. Na ɗaya kangaye: yawancin rusassun gidajen da za ka gani Barlin ce ta gaske a lokacin, kuma kyamara takan karkace da gangan don gine-ginen su zama kamar za su faɗo wa mutum. Na biyu ƙarshen labarin. Yadda Staudte ya fara rubuta shi, likitan harbe Brückner yake yi. Jami'an Sobiyet suka ƙi, don ba sa son a koya wa mutane ɗaukar doka a hannu, sai aka sa Susanne ta hana shi a daidai lokacin. Da ka san haka za ka ji inda aka yi ɗinkin.

Ba zan ɓoye maka raunin fim ɗin ba. Hildegard Knef, wadda rawar Susanne ta fito da ita duniya ta san ta, ta fi kama da wadda ta dawo daga hutu a kan wadda ta fito daga sansani. Labarin ya fi tausaya wa Bajamushen da ya gani ya yi shiru a kan mutanen da aka kashe, Yahudawa kuma da kyar aka taɓo su. Akwai wani abin kuma: Ernst Wilhelm Borchert da ya fito a likitan, Amurkawa sun tsare shi kafin a fara nuna fim ɗin bisa zargin ya yi ƙarya a takardar tantance alaƙa da 'yan Nazi.

Yanzu ka koma baya ka karanta tarihinsa

A nan ya dace, ba tun farko ba. An haife shi ranar 9 ga Oktoba 1906 a Saarbrücken, uwa da uba duka 'yan wasan daɓe ne, a Barlin ya tashi. Ya fara karatun injiniya, ya bari ya bi sana'ar gida. Yana cikin waɗanda suka yi murya a fassarar Jamusanci ta fim ɗin Amurka na 1930 da aka ɗauko daga littafin Erich Maria Remarque mai sukar yaƙi, fim ɗin da 'yan Nazi suka yi ta tayar da tarzoma a gidajen silima har aka hana nuna shi. Da Hitler ya hau mulki a 1933 an ƙwace masa izinin hawa dandali, amma bai bar ƙasar ba. Ya yi tallace-tallace, ya yi ƙananan fitowa a fina-finai, ciki har da Jud Süß na Veit Harlan a 1940, fim ɗin farfagandar ƙin Yahudawa mafi muni da aka yi a wancan zamani. A 1943 ya ba da umarnin dogon fim ɗinsa na farko, na barkwanci, da ɗan wasan nan Charlie Rivel. Wanda ya yi a 1944, Der Mann, dem man den Namen stahl, mai yi wa ma'aikatan ofis ba'a, an hana shi fita.

Ba sai ka nemi Jud Süß ba, a Jamus ma ba a nuna shi sai da mai bayani a gefe. Amma ka san cewa yana ciki. Wasu masu son Staudte sukan tsallake wannan, ni kuwa ina ganin idan ka tsallake shi ba za ka fahimci fim na biyu ba. Mutumin da ya zauna ya ci abinci a ƙarƙashin mulkin nan ne yake ba da labarin waɗanda suka zauna suka ci.

Na biyu da na uku: Rotation, 1949, da Der Untertan, 1951

Rotation labarin Hans Behnke ne, ma'aikacin injin buga jarida wanda ba ruwansa da siyasa. Ya sha rashin aiki, ya samu, aka nuna masa cewa katin jam'iyya ne zai riƙe masa aikin, ya karɓa. Da aka zo kwashe maƙwabtansa Yahudawa, ya ja labule. Daga baya ya taimaka wa surukinsa da ke buga takardun adawa a ɓoye, ɗansa na cikinsa, wanda ƙungiyar matasan Hitler ta raina, ya kai ƙararsa. A nan Staudte ya juya kyamara daga mai ba da umarnin kisa zuwa mai jan labule. Ka jira wurin da ruwa ya ɓalle cikin ramin jirgin ƙasa da mutane suka fake a kwanakin ƙarshe na yaƙi. Shi ma wannan fim ɗin bai tsira daga almakashi ba: an cire wurin da ake ƙona kakin soja na ɗan, domin a lokacin Gabas ta fara ɗinka wa matasanta nata kakin.

Der Untertan kuwa, idan ɗaya tak za ka kalla sau biyu, to shi ne. Daga littafin Heinrich Mann aka ɗauko shi, labarin ya koma zamanin Sarki Wilhelm na Biyu, kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Diederich Hessling, ɗan mai masana'antar takarda a wani ƙaramin gari, tun yana yaro ya koyi darasi guda: ka durƙusa wa na sama, ka taka na ƙasa. Werner Peters ne ya fito a Hessling, da ƙeya mai kitse da gashin baki a murɗe sama irin na sarki.

A kallo na farko ka bi labarin ka yi dariya. A na biyu ka rage sauti, ka duba inda aka dasa kyamara. Duk lokacin da Hessling yake gaban wanda ya fi shi, daga sama ake ɗaukarsa, ya ƙanƙance. Da ya juyo kan ma'aikatansa sai kyamara ta sauka ƙasa, ya cika allo. Fuskokin 'yan ƙungiyar ɗalibai masu shan giya ana nuna su ta cikin gilashin kofi, a kumbure. A birnin Rum yana bin keken dokin sarki da gudu, hula a hannu, shi da sarkin ko kallon kirki bai samu ba. Matasan da ke koyon ba da umarni a wajenmu, wannan fim ɗin nake cewa su nema, don su ga yadda ake faɗin matsayin mutum ba tare da an sa wani ya furta shi ba. A ƙarshe ana buɗe gunkin sarki, hadari ya tarwatsa taron, hoton ya narke zuwa kangayen 1945 da gunkin a tsaye. Wannan ƙarin na Staudte ne, littafin an kammala shi tun 1914.

Jamus ta Yamma ta hana nuna fim ɗin shekara da shekaru. Sai a 1957 ya shiga gidajen silima a can, an yanke kimanin minti goma sha biyu, an kuma liƙa masa rubutu a farko mai cewa wannan labarin mutum ɗaya ne, ba halin jama'a ba.

Hutu, idan kana so

Die Geschichte vom kleinen Muck na 1953 tatsuniya ce mai launi daga labarin Wilhelm Hauff, da takalmin tsafi da ɓaure mai fito wa mutum da kunnen jaki. Kusan mutum miliyan 13 suka kalle shi a Jamus ta Gabas, babu fim ɗin DEFA da ya kai shi. Ana iya kallonsa da yara. Sai dai Gabas ta Tsakiya da ke ciki, da sarkinta da rawunanta, ta mafarkin Bature ce, kada ka nemi Bagadaza ko Alƙahira a ciki.

Ka san kuma yadda ya rabu da DEFA. A 1955 ya fara ɗaukar Mutter Courage na marubucin wasan kwaikwayo Bertolt Brecht, an ɗauko har Simone Signoret daga Faransa, amma shi da Brecht suka kasa jituwa kan yadda fim ɗin zai kasance, aka tsayar da aiki bayan 'yan kwanaki. A shekarar nan dai fim ɗin da ya yi a Holan, Ciske de Rat, ya samu kyautar Zakin Azurfa a Venice. Daga nan sai Yamma.

Na huɗu da na biyar: Rosen für den Staatsanwalt, 1959, da Kirmes, 1960

Kafin ka kunna na huɗu ka san abu biyu. A 1951 majalisar Jamus ta Yamma ta yi dokar da ta buɗe wa tsofaffin ma'aikatan gwamnati, har da alƙalai, hanyar komawa bakin aiki. Sannan shugaban ma'aikatan ofishin shugaban gwamnati Konrad Adenauer daga 1953 zuwa 1963 shi ne Hans Globke, wanda ya taya rubuta sharhin dokokin wariyar launin fata da 'yan Nazi suka kafa a Nuremberg. Saboda haka mutumin da Staudte yake bi tun 1946 yanzu ba tukwane yake ƙerawa ba. Yana zaune a kotu.

A kwanakin ƙarshe na yaƙi alƙalin soja Wilhelm Schramm ya yanke wa wani ƙaramin soja, Rudi Kleinschmidt, hukuncin kisa saboda gwangwani biyu na cakulan. Jirage suka kawo hari, Rudi ya tsere da takardar hukuncin a aljihu. Bayan shekaru ya shigo wani gari yana talla a bakin titi, ya tarar Schramm ya zama babban mai gabatar da ƙara. Martin Held ne Schramm, Walter Giller ne Rudi. Furannin da ke cikin sunan fim ɗin saƙo ne: alamar cewa wani malamin makaranta mai zagin Yahudawa, wanda Schramm ya yi wa jinkirin sammaci, ya tsallake iyaka lafiya. Wannan ma daga shari'ar gaske ta wani malami, Ludwig Zind, aka ɗauko shi.

Barkwanci ne, kuma wasu sun ce dariyar ta rage masa kaifi. Ban yarda ba. Ka duba teburin mashaya inda Rudi ya nuna wa manyan gari takardar. Kowa ya fusata, kowa ya rantse zai yi wani abu, kowa ya koma gida ya yi lissafin abin da zai rasa. Ɗaya ya rubuta wasiƙar ƙorafi ya kasa aikawa, wani ya ga dama ce ta neman kwangila. Rudi kansa ba gwarzo ba ne, so yake a ƙyale shi ya sayar da kayansa. Schramm ba wani ne ya kama shi ba, bakinsa ne: Rudi ya fasa gilashin kanti ya ɗauki gwangwani biyu na irin cakulan ɗin, aka kawo shi kotu, tsohon hali ya suɓuce, mai gabatar da ƙara ya nemi a yanke hukuncin kisa a ƙasar da ta soke shi tun 1949. Gwamnati ta ba fim ɗin lambar yabo, Staudte ya ƙi karɓa.

Kirmes babu dariya a ciki, kada ka haɗa shi da na huɗu a dare guda. Ana haƙa rami don kafa lilon bikin shekara a wani ƙauye na yankin Eifel, aka tono ƙasusuwa da hular soja da bindiga. Na Robert Mertens ne, ɗan ƙauyen da ya gudo daga fagen daga a 1944 ya dawo gida neman mafaka. Ka lura sunan gidan ɗaya ne da na likitan fim ɗin farko. Uba ya ji tsoro, limamin coci ya ji tsoro, kowa ya tura shi gaba. Shugaban jam'iyyar Nazi na ƙauyen a wancan lokaci shi ne magajin gari yanzu, shi ne kuma mai cewa a bar tone-tone kada a ɓata biki. Götz George ne Robert, yana saurayi, Juliette Mayniel kuma ta samu kyautar gwarzuwar jaruma a bikin fina-finai na Barlin na 1960. Jaridu da dama sun zarge shi da ɓata sunan ƙasa, 'yan kallo kuma ba su zo ba.

Idan biyar ɗin sun shige ka, ka ƙara da Herrenpartie na 1964: ƙungiyar mawaƙa maza daga Jamus, man motarsu ya ƙare a wani ƙauyen Yugoslabiya da babu kowa sai zawarawa sanye da baƙi, domin sojojin Jamus sun harbe mazan garin lokacin yaƙi.

Kada ka raina shekarun talabijin

A nan yawancin masu rubutu a kansa suke yin sauri, ni kuwa ina cewa ka ɗan tsaya. A 1962 matasan daraktoci suka fitar da sanarwar Oberhausen, suka ce fim irin na iyaye ya mutu, kuma ba su ware Staudte daga cikin iyayen ba, duk da shi ne ya yi ta faɗin abin da iyayen ba sa son ji. A 1968 ya zuba kuɗinsa a fim ɗin Heimlichkeiten, bai yi kasuwa ba, bashi ya hau kansa. Talabijin ce ta biya bashin. Ya yi sassa na shirye-shiryen 'yan sanda Der Kommissar da Tatort, ya yi Der Seewolf a 1971 daga littafin Jack London, kashi huɗu a tashar ZDF, wanda Jamusawan da suka kalle shi suna yara har yau suke tuna wurin da Raimund Harmstorf ya matse dankali da hannu ɗaya, suna kuma gardama ko ɗanye ne ko dafaffe.

Ba sai ka bi su duka ba. Ka nemi Tatort guda ɗaya, Tote brauchen keine Wohnung na 1973. A Munich ne, labarin masu gidajen haya da ke korar talakawa daga tsofaffin unguwanni da mugunta iri-iri don su rushe su gina masu tsada. Bayan nuni na farko an kulle shi, ba a sake sa shi ba sai 1992. Mai gidan hayar da ke ciki, idan ka kalli biyar ɗin can, ba zai zame maka baƙo ba. Staudte ya rasu ranar 19 ga Janairu 1984 a Sloveniya, wadda take cikin Yugoslabiya a lokacin, yana tsakiyar ɗaukar wani shiri mai dogon zango na talabijin, Der eiserne Weg.

Akwai aikinsa guda da miliyoyin Jamusawa suka ji ba su san nasa ba ne. Shi ya jagoranci ɗora muryoyin Jamusanci a kan fina-finan Stanley Kubrick uku, A Clockwork Orange, Barry Lyndon da The Shining. Aiki ne irin na masu fassara fina-finan Indiya a Kano, sai dai a can kowane ɗan wasa da mai muryarsa, kuma dole kalma ta dace da motsin leɓe. Idan ka fara jin Jamusanci, ka ɗauki fage ɗaya daga Barry Lyndon, wanda ba shi da tashin hankalin sauran biyun, ka saurare shi da Ingilishi, sannan ka canza murya zuwa Jamusanci, ka kula da inda aka gajarta jimla da inda aka bar ɗan wasa ya ja numfashi.